Badri Ustad da Randar Baƙuwa

A Kannauj, garin da kowa ke taƙama da hancinsa, akwai mutumin da ya shekara uku ba ya jin ƙanshin komai, kuma shi aka fi yarda da shi a harkar turare a duk unguwarsu. Sunansa Badri Prasad, amma ba mai kiransa haka sai katin zaɓe. Badri Ustad kowa yake cewa, har da maigidansa Set Nawal, wanda bai iya girmama kowa ba sai mai saye.

Aikin Badri wuta ne. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ubansa ya kama hannunsa ya ɗora a jikin tukunyar jan ƙarfe, wadda suke kira deg, ya ce, "Me ka ji?" Ya ce zafi. Uban ya make shi a ƙeya, ya ce ba zafi aka tambaye shi ba. Daga ranar bai sake yin wata sana'a ba, yau shekara arba'in da huɗu.

Fure ake zubawa a deg, ko saiwa, ko ma ƙasa, a ƙara ruwa, a rufe, a liƙe bakin da laka da auduga, a hura wuta da itace da busasshen kashin shanu. Tururi ya bi ta cikin bututun gora ya gangara cikin wata buta mai dogon wuya da ƙaton ciki, bapka, wadda ke zaune a kwamin ruwan sanyi da man sandal a cikinta. Man ne yake shanye ƙanshin. Ba agogo a wurin, ba ma'aunin zafi. Badri yakan kara kunne a jikin deg, ya tsoma hannu a ruwa ya shafa cikin bapka, sai ya zare itace ɗaya ko ya ƙara rabin kashin shanu, ya koma ya tsuguna. Ka gan shi a tsugunen nan, ɗan siriri, singileti duk toka, sai ka ɗauka jiran mota yake. Amma masu wutar da suka yi furfura a aikin sukan bar nasu deg su zo su tsaya a bayansa, ba su cewa komai, kallo kawai suke.

A shekarar annoba zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu. Ya tashi lafiya, sai dai hancin bai tashi tare da shi ba. Ranar da ya koma aiki an juye buhu arba'in na wardi a tsakar masana'anta, ma'aikata har atishawa suke, shi kuwa ya tsaya a tsakiya kamar wanda aka juye wa takarda. Bai faɗa wa kowa ba. Mai wuta marar hanci a Kannauj ba ya kwana a bakin aikinsa, kuma Badri bai iya komai ba sai wuta. Kunne da tafin hannu sun ishe shi tafiyar da deg, amma hanci ne kaɗai ke faɗa wa mutum ko man ya ƙoshi da ƙanshi ko da saura. Saboda haka kullum da yamma yakan tsoma ɗan auduga a man, ya kai hanci ya lumshe ido don masu kallo, ya ce, "Bari ya kwana tukuna," ya maƙale audugar a bayan kunne ya tafi gida. A gida matarsa Fulmati, 'yar masu noman wardi, ta sansana ta yanke hukunci tana murza gurasa. Da safe ya je ya maimaita abin da ta faɗa, Set Nawal ya gyaɗa kai ya ce ba hanci irin na Ustad daga nan har Lucknow.

A haka suke har bazarar da Hajiya Yalwa ta zo.

'Yar kasuwar turare ce daga Kano, ta shekara takwas tana saye a hannun Set ta waya, ba su taɓa ganin juna ba. Ta sauka daga jirgin ƙasan Delhi da tsakar rana, doguwa, baƙa, cikin mayafi ruwan goro, da akwati guda da 'yan dako biyu suka ɗauka suna tsine wa wanda ya haɗa shi. Kafin ta isa masauki rabin garin ya san da zuwanta, don tana jin Hindi, amma Hindin da ta koya a gaban talabijin tun tana budurwa. Ba ta san sunan albasa ba, amma ta san yadda ake rantsuwa da kabarin uba. Mai keken da ya so ya tsuga mata kuɗi ta dube shi ta ce, "Ya kai marar imani, akwai wata kotu a sama da ba a ɗaukaka ƙara!" Mutumin ya sauko daga keken ya haɗa hannuwa yana ba ta haƙuri, ya kai ta har ƙofa, sannan ya zagaya tasha yana ba da labari.

Set ya roƙi Fulmati ta riƙa raka ta kasuwa, kuma cikin kwana biyu suka zama kamar tare aka yaye su. Hajiya ta sayi awarwaron gilashi har gwiwar hannu, ta sa mai sayar da sari, zanin matan ƙasar, ya warware mata ashirin ta ɗauki biyu, ta tsaya ta ba wata saniya hanya a lungu tana ce mata, "Wuce, ranki ya daɗe." Ta zauna a gidansu Badri ta ci gurasa da miyar wake, ta zaro ƙullin yaji daga jaka ta barbaɗa, Fulmati ta ji haushi, ta ɗanɗana, ta karɓe sauran. Abu ɗaya ne ya tsaya wa baƙuwar a rai. Duk inda aka sha shayi a ɗan kofin laka, sai a yi jifa da shi ya fashe. Ranar farko har ta fara tara nata a jaka, Fulmati ta kama hannunta.

"Didi, yayata, bakinki ya taɓa shi! Jefar!"

"To bakin nawa guba ne? Sabon kofi fa!"

"Laka ce, Didi. An sha, an gama, ta koma inda ta fito."

Hajiya ta daɗe tana juya kofin a hannunta kafin ta ajiye shi a gindin bango a hankali, ba ta fasa ba.

Rana ta uku ta sa aka kawo akwatin shagon Set, aka ajiye a ƙarƙashin fanka. Set ya gyara zama, don a zatonsa itacen oud ne ko wani abu mai daraja daga Afirka. Ta buɗe, ta warware zani, ta warware wani, sai ga tsingaro. Gutsattsarin tsohuwar tukunya ne, jajaye masu duhu, masu kaurin yatsa biyu.

Set ya leƙa, ya dubi fuskarta, ya sake leƙawa. "Bahinji, 'yar'uwa, da kin faɗa mini a waya tsingaro kike so, ai da na aiko miki da lori guda. Leƙa bayan shagon mai shayin can."

"Naku kurɓa uku kuke yi ku fasa, Setji. Wannan shekara arba'in ana shan ruwa a cikinta."

Randar mahaifiyarta ce. A wani ƙauye a bakin kogin Haɗeja take, a kusurwar ɗaki, rabinta a binne cikin yashi. Tsohuwar ta rasu shekara biyu da suka wuce, randar tana nan, duk wanda ya je gidan yakan buɗe ya sha. Damina ta bara ruwa ya ci ƙauyen, ɗakin ya rufta a kanta. Hajiya da hannunta ta tona ta tsince abin da ya samu. Ta daɗe tana sayar da turaren ƙasa na Kannauj, wanda ake dafa gasasshiyar laka a kama ƙanshin ruwan farko, kuma ta ga matan Kano suna sansanawa su yi shiru. Sai ta ce a ranta, mutanen da suka iya kama ruwan sama su sa a kwalba, ba za su kasa kama randa guda ba.

Set ya sosa tumbi. Ya ce turaren ƙasa kwana goma sha biyar ake yi ana ɗura wa man sabuwar laka buhu-buhu, wannan kuwa ko buhu ɗaya bai cika ba, kuma in ya lalace ba inda za a samo wani. Amma mai saye ce ta shekara takwas, bai so ya ce a'a da bakinsa. Ya aika aka kira Badri, don shi ya faɗa.

Badri ya tsuguna a gaban akwatin. Ya ɗauki guntu ɗaya ya ƙwanƙwasa da farce a kusa da kunne, ya sake ƙwanƙwasawa. Bai taɓa jin laka mai irin wannan murya ba, can ƙasa take amsawa, ba kamar lakar bakin kogin Ganga mai ƙarar tsiya ba. Ya taɓa da harshe, ta kama harshen ta riƙe. Sannan ya kai hanci ya lumshe ido, kamar kullum. Ya san abin da ya kamata ya faɗa, har ya buɗe baki, sai Set ya riga shi.

"Ki ji da kyau, Bahinji. In hancin nan ya ce ba za a iya ba, to ba mai iyawa a duniya."

Matar tana kallonsa, ta dafe bakin akwatin da hannu biyu. Badri ya ji bakinsa yana cewa akwai ƙaramar deg ta mahaifinsa a bayan rumbun itace, in aka rage man ya zama cikin kofin shayi ɗaya, aka raba lakar kashi shida, kwana shida, wataƙila. Jirginta saura kwana tara.

Da yamma Fulmati ta ajiye muciya ta dube shi. "Baban Kamla, zafin bana ya taɓa maka kai ne? Ni wardi na sani, na san yasmin, na san lakar garinmu. Ƙanshin uwar wata a bayan teku, a ina na san shi da zan faɗa maka ya ƙoshi?"

"Zan bi a hankali."

"Ka je ka faɗa mata gaskiya."

"In faɗa mata, ta faɗa wa Set, mu ci me?"

Ta tura masa kwano da ƙarfi har miya ta zube.

Aka kafa ƙaramar deg a ƙarshen fili, nesa da sauran, a ƙarƙashin wata darbejiya. Hajiya ta yi murna da ganin bishiyar, ta ce har a ƙofar gidansu akwai irinta. Aka kawo mata gadon igiya, ta ce ba inda za ta je sai an gama. Kwana biyu tana zaune tana kallon mutumin nan yana kiwon wuta, kuma duk surutunta sai ya ɗauke. Ta ga yana liƙe murfi da laka yana bi da ɗan yatsa kamar mai shafa kwalli. Ta ga ya juya baya yana shan shayi, sai ya ajiye kofin ya je ya zare itace ɗaya, ita ba ta ji komai ya canza ba. Ta tambaye shi yadda ya sani. Ya ce ta zo ta kara kunne. Ta kara, ta ce ruwa ne yake tafasa. Ya ce e, amma ɗazu yana tafiya ne, yanzu ya fara gudu. Ta koma ta zauna tana girgiza kai tana salati, ta ce ta je Makka, ta je Dubai, ta ga injin da ke cika kwalba dubu kafin a ƙifta ido, ba ta taɓa ganin mutum yana hira da tukunya ba.

Kashi biyun farko gutsattsarin baki ne da kafaɗar randar, suka tafi lafiya. Rana ta uku aka zo kan gindi, wanda ya fi kauri, ga busasshiyar gansakuka a manne a cikinsa. Badri ya zuba ruwa daidai yadda ya saba zuba wa lakar garinsu shekara arba'in. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Lakar da ta fito daga ƙasar rani, ta shekara a bushe cikin akwati da zani, ƙishinta ba irin na lakar Ganga ba ne. Kafin azahar ta shanye ruwan tas. Deg ta yi shiru, Badri ya kara kunne ya ji shiru mai laushi, ya ɗauka tafasa ce ta kwanta yadda yake so, har ya ƙara rabin kashin shanu.

Hajiya tana kan gado tana jan carbi. Ta ɗaga kai.

"Ustad, ba ka ji ba?"

"Me, Bahinji?"

"Ƙauri."

Ya ce hayaƙin itace ne. Ta miƙe ta matso, ta ce ta shekara talatin tana haɗa turaren wuta, ta san hayaƙi ta san ƙauri, wannan daga bakin murfin yake fita. Ta tsaya a gefensa, kafaɗa da kafaɗa, ƙaurin yana dukan fuskarsu su biyu, ta ga ya ja numfashi ya lumshe ido yadda yake yi, fuskar ba ta nuna komai ba.

Shi ma a lokacin ya gane. Gansakukar ce take ƙonewa, kuma in hayaƙinta ya gangara ta gora ya shiga man, ba kashin yau kaɗai ba, har na jiya da na shekaranjiya sun tafi. Tsumman kama abu mai zafi yana can a rataye a reshe, taku huɗu. Bai yi takun ba. Ya cafki gorar da hannun dama ya fizge ta daga wuyan bapka, tururi ya feso masa a tafin hannu, ya toshe bakin bapkar da gefen rawaninsa, ya sa ƙafa ya watsa wutar. Sannan ya tsoma hannun a kwami ya durƙusa, bai yi ko tari ba.

Ba wanda ya lura a can cikin masana'anta. Su biyu ne kawai, sai hankaki a kan darbejiya.

"Tun yaushe?" in ji ta.

"Shekara uku."

"Ko kaɗan?"

"Ko kashin shanun nan ba na ji, Bahinji."

Sai ta fashe da faɗa. Ta ce ya ci amanarta. Ta ce ta ratsa teku da abin da ya rage mata na uwarta, ta bar kayan sawarta a filin jirgi don nauyi ya yi yawa, ta tsaya a gaban 'yan kwastan suna dariya suna jujjuya tsingaron da biro, duk don ta kawo wa mutumin da ba shi da hanci. Da Hindi ya ƙare mata ta ci gaba da harshen garinsu, kuma bai buƙaci tafinta ba. Bai kare kansa ba. Kunya ce ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba ko a gaban ubansa, kuma ta fi masa ƙunar hannun ciwo. Ya ce Set yana shago, in ta je yanzu za ta same shi kafin ya tafi cin abinci.

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Ya bi ta da kallo har ta kai ƙofar da ke shiga shago, ta tsaya, ta daɗe a tsaye. Sai ta wuce ta fita titi.

Bayan kamar rabin sa'a ta dawo da Fulmati a keke, da kurkum da ganyen aloe a ƙulle. Fulmati ta zare hannun daga ruwa, ta ga yadda fatar ta tashi, ta fara masifa tana shafa magani tana kuka. Hajiya ba ta kula su ba. Ta tsuguna a bakin kwami, ta zare rawanin daga bakin bapka, ta sa hanci, ta daɗe.

"Bai shiga ba," ta ce. Ta juyo. "Da ka tsaya ɗauko tsumman can, da ya shiga?"

"Da ya shiga."

Ta dubi hannun, ta dubi deg. "Saura kashi uku. Akwai wani a garin nan da ya fi ka jin tukunya?"

Fulmati ce ta amsa masa. "Babu, Didi. Wawa ne, amma babu."

"To gobe kai ka ji da kunne, ni in ji da hanci. Ba ruwan Setji da wannan, shi ya ji da fankarsa."

Haka aka yi kwana ukun da suka rage. Ya jiƙa tsingaron tun da yamma, ya bar su su sha har su ƙi. Hannun dama yana naɗe, sai ya koma shafa bapka da na hagu, da ya ga na hagun bai waye ba, ya riƙa kwantawa a bakin kwami yana tsoma damtse har kafaɗa. Wuta kuwa ya mai da ita ƙarama ƙwarai, ta yadda aikin sa'a biyar ya koma tara. Hajiya ta bar gadon ta dawo kan buhu a gefen deg, cikin zafin da kare ma ba ya fita, tana bin bakin murfi da hanci tana faɗa masa abin da ta ji. Yanzu ƙasa ce jiƙaƙƙiya. Yanzu kamar ƙarfe. Yanzu ba komai. Shi kuma ya haɗa da abin da kunnensa ya ji, ya zare ko ya ƙara. A rana ta biyar ta ce ta ji wani abu kamar sanyi, ya ce a daidai lokacin tukunyar ta sauke murya, suka dubi juna kamar yaran da suka tsinci kuɗi. Ma'aikatan da suka leƙo suka koma suna cewa baƙuwar tana koyon sana'a ne za ta je ta buɗe tata, Set ya ji ya yi dariya ya ce ta shekara arba'in tukuna.

Abin da ba wanda ya sani shi ne ko man ya kama. Ƙanshin da ke fita a bakin murfi daban, wanda ya zauna a cikin mai daban, kuma kashi biyar na laka kaɗan ne ƙwarai. Badri ya san haka, bai ɓoye mata ba.

Safiyar rana ta bakwai bapka ta huce. Ya zare toshiyar ƙasa ya tsiyaye ruwan a hankali har man ya rage shi kaɗai, ya juye a ɗan kwano. Akwatin yana gefe a buɗe, ba komai a ciki sai zannuwa da jar ƙura. Ya naɗa auduga a tsinke, ya tsoma, ya miƙa mata da hannun hagu. Wannan karon bai kai hancinsa ba.

Ta sansana. Ta sake sansanawa. Fuskarta ta faɗi.

"Sandal nake ji, Ustad. Sandal kawai."

Fulmati ta dafe baki. Badri ya tuna abin da ya sani tun kafin hancinsa ya mutu. Ya ce ta shafa a bayan hannunta ta jira, kada ta sansana. Sandal mai gaggawa ne, shi yake fara shiga ɗaki, laka kuwa sai jiki ya ɗumama ta take fitowa. Bai san ko gaskiya zai zama a wannan karon ba, ya dai faɗa.

Suka jira. A can cikin masana'anta ana sauke itace daga amalanke, wani yana zagin wani a kan igiya. Hajiya tana zaune a bakin gado, hannun a kan gwiwa, tana kallon ƙasa. Da aka jima ta ɗaga hannun ta kai fuska.

Ta lumshe ido. Ba ta sauke hannun ba kuma. Numfashinta ne ya canza, kafaɗunta suka sauka, ta zame daga bakin gadon ta zauna a ƙasa cikin toka da mayafinta mai tsada, ta naɗe ƙafafu kamar ƙaramar yarinya. Can ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, a ba ta ruwa. Fulmati ta ruga ta ɗebo a kofin ƙarfe. Ta karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana manne a hancinta, ta sha a hankali har ya ƙare, ruwan yana zuba ta gefen bakinta yana haɗuwa da hawaye. Sannan ta yi magana ƙasa-ƙasa da harshen garinsu, wanda ba mai ji a wurin.

"Inna, na dawo. Rana ta yi zafi a hanya."

Badri yana tsugune da tsinken audugar da ta ajiye. Ya juya musu baya kaɗan, ya kai shi hanci, ya ja numfashi har ƙirjinsa ya cika, ko Allah zai sa. Bai ji komai ba, iska ce kawai mai ɗumi. A duk abin da ya dafa a rayuwarsa ba wanda ya so ya ji kamar wannan, kuma ya san ba zai taɓa ji ba. Ya matsa kusa da matarsa ya taɓa gefen sarinta.

"Uwar Kamla," ya ce a hankali, "ya kama?"

Fulmati ta share ido da bakin mayafi, ta nuna masa matar da ke zaune cikin toka tana miƙo kofi a ƙara mata.

"Hanci ne ba ka da shi, Baban Kamla, ko har da ido?"

Ya karɓi kofin da hannun hagu, ya tafi ya ɗebo mata da kansa.